Ƙofar Hamra

A Ulad Hammu ba a taɓa yi wa baƙo kwatance da sunan titi ba, don titin ma ba shi da suna. Da matattun motoci ake yi. In gidan liman kake nema, sai a ce ka wuce bas ɗin da shamuwa ta yi sheƙa a kansa ka karya hagu. In injin niƙa ne, ka miƙe har ka ga taraktar 'ya'yan Ma'ati, wadda rigimar gado ta sa ta tsufa a tsaye ba wanda ya sake hawanta. Kowace mota a inda ajalinta ya same ta aka bar ta, don mutanenmu ba sa iya jefar da abin da ya taɓa ciyar da su. Kaji su yi ƙwai a ƙarƙashinta, yara su yi tuƙin baki a sitiyari, makiyayi ya fake a inuwarta da rana tsaka.

Uwarsu duka ita ce Hamra, wato Ja, babbar motar marigayi Allal. Ta kai alkama kasuwar mako, ta kai raguna birni gabanin Babbar Salla, ta ɗauko amare, ta kai gawawwaki maƙabarta. A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, ta taho daga kasuwa babu kaya, ta yi tari a mararraba, ta tsaya. Allal ya ce gobe zai kawo makaniki. Ya yi ta cewa gobe har ranar da aka kai shi makwancinsa a kafaɗa, aka wuce ta gabanta. Tayoyinta suka nutse a ƙasa, ɓaure ya tsiro ta tsakiyar bodinta ya yi rassa, jan fentinta ya gauraya da tsatsa har ba ka iya raba su. Direbobin tasi kuwa suka mai da ita tasha. A bakin birni za ka ji suna kira, saura mutum ɗaya Hamra, kai ka ce wani gari ne mai masallacin Juma'a.

Birnin Darul Baida bai zo mana da gudu ba. A hankali ya zo, kamar danshi a jikin bango. Gonar albasa ta zama benaye, gonar alkama ta zama benaye, rijiyar da mata ke taruwa ta zama kantin magani. Benayen kuma duk uwa ɗaya uba ɗaya, farin fenti da koren taga, in ka shiga tsakaninsu ko kai ka gina su sai ka tambayi hanya. Masu sayen gida a bene ba sa son buɗe taga su ga tsatsa, saboda haka 'yan gwangwan suka samu kasuwa. Aka wayi gari babu bas, shamuwa ta zo ta yi ta kewaya sama ta tafi. Tarakta ta bi baya, ranar ce ma kaɗai aka ga 'ya'yan Ma'ati sun haɗa baki a kan abu guda. Hamra ce ta rage.

Duk garin ana jin zafin abin, amma zafin fatar baki ne, na hira a wurin shan shayi. Mutum ɗaya ne abin ya tsaya wa a wuya, Ba Miludi, wato Baba Miludi. Tsoho ne mai ciwon gwiwa da gajeren haƙuri, manomin da gonarsa ta daɗe da zama wurin ajiye motocin wasu. Shi ba don tarihi yake son Hamra ba. Saboda matarsa ne, Mi Dawiya, wato Inna Dawiya.

Mantuwa ta kama Dawiya, irin wadda ke fara cin na kusa ta bar na nesa. Ba ta san abin da ta ci da safe ba, amma ta san sunan saniyar babanta. A cikin gida takan gane Miludi, ko dai a ce takan gane mutumin da ke zaune a wurin zaman Miludi. Kowace safiya in ta sha shayi sai ta yafa mayafi ta ce za ta je gaida innarta, wadda kabarinta ke gefen hubbaren waliyyi Sidi Masa'ud. Tafiyar ba ta da wuya, farar ƙubbar tana kan tudu, daga ƙofar gida ana hango ta. Dawowar ce abin tsoro, don duk abin da idonta ya sani a hanyar an share shi. Sai ta gangaro har mararraba, ta ga Hamra, ta dafa ta kamar mai gaida maƙwabciya, ta karya dama, ta miƙe sai gida. Ba ta taɓa kuskurewa ba.

Rakiya kuwa ba ta yarda. Mace za ta wurin uwarta, in ji ta, me namiji zai bi ta ya yi? Ɗansu Nuruddin, da ke aiki a birni, ya taɓa kulle ta lokacin da aka kwantar da Miludi a asibiti saboda gwiwa. Ta zauna a bayan ƙofa tana shafa ta, ta ƙi ci ta ƙi sha, tana cewa innarta na jiranta. Da Miludi ya dawo ya ga yadda idanunta suka faɗa, ya cire kwaɗon ya wurga shi bayan katanga, ya rantse ba za a ƙara ba yana numfashi.

Shi da Hamra da Dawiya akwai tsohuwar magana a tsakaninsu. A cikin motar aka ɗauko masa ita tana amarya. Al'ada ba ta ce ango ya zauna kusa da amarya a hanya ba, amma ranar hannun ƙofar gefen fasinja ya karye, aka ɗaure da waya, ƙofar ta ƙi zama. Allal ya ce dole wani ya zauna a tsakiya ya miƙa hannu ya riƙe ta, ya kuma tambayi tsofaffin mata wane ne a duniya ya halatta ya gitta hannu a gaban amarya in ba mijinta ba. Suka rasa amsa. Allal ya tuƙa motar a hankali har jakuna na wuce su, da gangan, ɗan banza. Maganar farko da Dawiya ta taɓa yi wa mijinta, daga ƙarƙashin lulluɓi, ita ce, “Kada ka saki.” Hannunsa ya yi kwana da kwanaki yana ciwo, bai taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

To, wata safiya sai ga ƙaton allo an kafa a bayan Hamra. An zana fada mai ginshiƙai da maɓuɓɓugar ruwa, an rubuta Lambunan Hamra da ruwan zinariya. A jikin motar kuma wani ya shafa farin fenti, alamar da kowa ya riga ya gani a jikin bas da tarakta. Miludi ya koma gida ya sa jallabiyarsa ta zuwa Juma'a, ya nufi ɗakin kwanon da masu ginin suka mai da ofis.

Mai kula da aikin, Si Tuhami, mutum ne mai fara'a da tumbi. Ya miƙe ya ba shi kujera.

“Zauna, Alhaji. A kawo wa Alhaji shayi.”

“Ban je Makka ba, ɗana, amma zan sha shayin. Wa ya raɗa wa gidajen nan suna?”

“Masu kamfanin ne. Sun tambayi direbobin tasi sunan wurin, aka ce musu Hamra. Ka san sunan fadar sarakunan Andalus ke nan. Suka ce lalle akwai tarihi a ƙasar nan, wataƙila zuriyarsu ce ta sauka a nan.”

“Akwai tarihi kam,” in ji Miludi. “Ga shi can da ɓaure a cikinsa.”

Si Tuhami ya leƙa taga, ya dubi allon, ya dubi motar. Sai dariya ta kama shi, ya yi ta yi har shayi ya zube masa a wando.

“Don girman Allah, Alhaji, kada masu saye su ji. Akwai likitan da ya sayi gida biyu saboda sunan nan.”

Miludi bai yi dariya ba. Ya gaya masa zancen Dawiya tun daga farko, abin da bai taɓa zama ya gaya wa baƙo ba, yana yi yana jin kunya kamar ya tuɓe a kasuwa. Fuskar Si Tuhami ta canza. Ya ce kakarsa ma haka ta yi kafin ta rasu, ya san abin. Ya murza kofin a hannunsa.

“Da a gefe take, wallahi sai in kewaye ta da furanni in ce ado ne. Amma daidai inda take nan ne ƙofar shiga. Ni ma aiko ni aka yi, Alhaji.”

Ranar da 'yan gwangwan suka zo, Miludi ya roƙi matar maƙwabcinsa ta shigo da garin kuskus ta ce tana neman taimako. Hannun Dawiya bai manta murza kuskus ba, ta zauna a gaban akushi ta shagala, safiyar ta wuce ba ta tuna da fita ba. Shi kuwa ya tafi mararraba. Ya tarar da tsofaffin garin sun jeru, hannuwa a baya, kamar masu jiran a fito da gawa. Wani ya ce ko a kira liman ne, aka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba.

Bushayib mai gwangwan, wanda shi kansa a sitiyarin Hamra ya koyi tuƙin baki, ya sare ɓauren tukuna, sannan ya kunna wutar yankan ƙarfe. Hamra ba ta yi gardama ba. Abin da ya fi ba Miludi haushi ke nan, yadda motar da ta ɗauki garin nan kaf a bayanta ta rabu gunduwa-gunduwa kafin la'asar. Da aka ɗaga ta, aka ga abin da ta rufe shekara da shekaru: ɓawon ƙwai, takalmin jariri ƙafa ɗaya, fasasshen kofin shayi, da ƙasa baƙa mai laushi irin wadda ba a ƙara gani a Ulad Hammu. Wani tsoho ya duƙa ya damƙi ƙasar ya shinshina. Kafin magariba katafila ta bi ta kai.

Miludi ya yi wa kansa dabara, ya ce ai ba wani abu ba ne, shi zai tsaya a wurin. Washegari da Dawiya ta fita, ya ba ta rata, ya je ya tsaya daidai inda Hamra take a da. Can sai ga ta tana gangarowa. Ta iso mararraba ta ja ta tsaya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta miƙa hannu kaɗan cikin iska ta mai da shi.

“Dawiya,” in ji shi, “nan ne hanya. Zo mu tafi.”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Wa ya ba ka sunana?”

“Ni ne fa, Miludi.”

“Miludi?” Ta dube shi daga rawani har takalmi. “Ka ji tsoron Allah, tsoho. Mijina gashin bakinsa baƙi ne wuluk. Ni matar aure ce, ka kauce mini.”

Ta miƙe gaba, hanyar da ba ta gida ba. Ya bi ta yana kira, tana jin kiran tana ƙara sauri, gwiwarsa kuma ta ce ba da ita ba. Ta sha kwana tsakanin benaye, da ya isa kwanar babu ita. Ya shiga wannan layi ya fita wancan, ko'ina farin fenti da koren taga, yana tambayar mutanen da ba su san shi ba ko sun ga wata tsohuwa. A garin da aka haife shi, shi ma sai da ya rasa gabas. Tsoro irin na ranar bai taɓa jin sa ba, har addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakinsa.

Bayan azahar mai kantin magani ya kawo ta a motarsa. Wata mata ce ta same ta zaune a matakalar wani bene, takalmi ƙafa ɗaya, leɓɓanta sun bushe. Aka ba ta ruwa, aka wanke mata ƙafa. Da ta huce, ta ga Miludi a wurin zamansa, ta matso ta rage murya.

“Miludi, yau wani tsoho ya bi ni a hanya. Mara kunya, har sunana ya sani.”

“Bari in kama shi,” in ji Miludi. Ya tashi ya shiga bayan gida, ya daɗe bai fito ba.

Nuruddin ya iso da la'asar, labari ya kai masa. Ya sumbaci kan uwarsa, ya sumbaci hannun ubansa, sannan ya ciro sabon kwaɗo daga aljihu ya ajiye a kan tebur kusa da butar shayi.

“Ba, yau Allah ya kiyaye. Gobe fa? Babban titi yana nan bayan benayen.”

“Uwar taka za ka sa wa kwaɗo? Akuya ce?”

“To gaya mini abin da za a yi. Ka bi ta, ta gudu. Ka bar ta, ta ɓata. Ni ma uwata ce, Ba.”

Gaskiya yaron ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Miludi ya dubi kwaɗon, ya dubi Dawiya tana tsince ɓarɓashin gurasa daga tabarma tana sumbata tana tarawa a tafin hannu.

“Bar shi a nan. In na kasa, da hannuna zan sa.”

Bai jira shayin ya huce ba, ya tari tasi zuwa filin 'yan gwangwan a bayan gari. Nan ya ga inda ƙauyukanmu suka koma. Ga rabin bas, ga ƙafar tarakta, ga garmunan da ba sauran gonar da za su shiga, an tsibe su har sun fi mutum tsawo. Bushayib ya fito yana goge hannu da tsumma.

“Ba Miludi, ta'aziyya ka zo yi?”

“Ƙofa na zo nema.”

“Ta Hamra? Ga ta direba can, ita ce mai sauran lafiya.”

“Ba ita ba. Ta ɗaya gefen, mai waya a hannu.”

“Wannan ai ko kaji ba za ta tsare ba. Me za ka yi da ita?”

“Kai da ka yi fitsari a kujerar motar nan kana yaro, yau ni kake yi wa tambaya? Nemo mini.”

Bushayib ya yi dariya, ya kira abokan aikinsa suka shiga ɗaga ƙarafa. Can ƙasa suka same ta, ta lotsa a gefe guda, babu gilashi. Amma ja ɗin yana nan, da tafin hannu mai yatsu biyar da Allal ya zana don maganin baki, da wayar nan a murɗe yadda aka murɗe ta ranar biki. Miludi ya kai hannu aljihu, Bushayib ya riƙe masa hannun.

“Ka sa mahaifiyata a addu'a kawai. A motar nan aka kai ta.” Shi ya ɗora ƙofar a a-kori-kurarsa ya kai masa har gida.

Da safe Dawiya ta sha shayi, ta yafa mayafi, ta ce za ta je gaida innarta. Miludi ya ce ta gaishe ta. Kwaɗon yana kan tebur, bai kalle shi ba. Tana ficewa ya jawo baron da yake kwasar taki da shi a da, ya yi ta fama har ya kwantar da ƙofar a ciki. Ƙarfen zamanin da ba wasa ba ne. Ya tura, ya huta, ya tura, mutanen benaye suna wucewa cikin motocinsu suna kallon tsoho da tarkace.

A mararraba an riga an fara kafa ginshiƙan ƙofar Lambunan Hamra. Ya sauke tasa a bakin hanya, ya tsayar da ita tana fuskantar tudu. Ta ƙi tsayuwa da kanta, sai da ya zauna a bakin baron ya riƙe ta ta baya. Maigadi ya taho da sandarsa.

“Baba, ba a talla a nan.”

“Ba ta sayarwa ba ce.”

“To mece ce?”

“Hamra ce.”

Maigadin ya dubi allon mai fada da ginshiƙai, ya buɗe baki zai yi magana, sai Si Tuhami ya ɗaga masa hannu daga ƙofar ofis. Ya koma inda ya fito yana waiwaye.

Miludi ya ja hular jallabiyarsa ya rufe fuska, kada tsohon jiya ya sake korar Dawiya. Rana ta ɗaga, hannunsa ya fara sanyi, sannan ya fara ciwo. Yana tunanin abin da zai yi in ta wuce, ya ga babu abin da zai yi sai ya koma gida ya ɗauki kwaɗon.

Sai ga ta. Ta gangaro a hankali, ta iso mararraba, ta tsaya kamar jiya. Ta duba hagu. Ta duba dama. Idonta ya sauka a kan ja ɗin. Ta matso, ta ɗora tafinta a kan tafin da Allal ya zana, ta taɓa wayar da ɗan yatsa. Ta leƙa ta inda gilashi yake a da, ta ga mutum a duƙe.

“Bawan Allah.”

“Na'am, Lalla,” in ji shi, yadda ake kiran babbar mace don girmamawa.

“Motar Allal ta rame.”

“Ta rame, Lalla. Shekaru ne.”

“Ka san Miludi? In ka gan shi ka ce ya zo ya riƙe ƙofar nan. Ba ta zama, sai an riƙe.”

Ya ƙara damƙe ƙofar.

“Yana riƙe da ita, Lalla.”

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ta karya dama. Bai saki ba sai da ya ga ta shige gida.